Kujerar Jikin Taga

Bunkure, Jihar Kano
Farkon Janairu

Zuwa ga babban wana, magajin mahaifinmu, Yaya Hamma, a kasuwar Mil Tuwal, Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina aiko maka da gaisuwa mai yawan ruwan da ke gangaro mana daga Tiga, mai sanyin iskar bakin kanal da hantsi. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan ciniki. Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana samun sauƙin ƙafa, Zuliha da yara suna gaishe ka, tumatir kuma ya fara ja. Ga kwandunan farko nan a motar Mudassiru direba, wanda zai miƙa maka wannan takarda hannu da hannu.

Bayan haka, Yaya, akwai maganar da na daɗe ina renonta a zuci kamar yadda ake renon iri kafin dashe, yau na ga ta isa a fitar da ita fili. Na ƙudura niyyar tafiya ƙasar Maroko da zarar an kammala kakar tumatir, kuma ni kaɗai. Jirgin sama zai ɗauke ni daga nan wurinku Legas ya sauke ni a Kazablanka. Daga nan ba zan ƙara hawa komai ba sai jirgin ƙasa. In je Rabat, in wuce Miknas, in sauka Fas in yi ziyara, sannan in nufi Tanja, inda ƙasa ta ƙare teku ya soma. Daga can in juyo gida.

Za ka tuna lokacin da Baba, Allah Ya jiƙansa, yake kai mu gadar Challawa mu ga wucewar jirgi, kai kana jifansa da hoge, ni ina ɗaga wa mutanen cikin taga hannu. Tun ran nan nake bin kaina alkawarin zama ɗaya daga cikin mutanen tagar nan. Ga shi na haura hamsin ban taɓa sa ƙafa a tarago ba. Larabcin da na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane a sakandare, lokaci ya yi da zan tambayi hanya da shi. Fasfo ya fito, biza tana hanya, 'yarka Nana Aisha ta wajena kuma ita ke duba mini lokutan jirage a wayarta. Har na ce:

Ya kai jirgi mai tafiya bisa ƙarfe,
Ɗauke ni sannu, kada ka yi gaggawa.
Bar ni in ƙare wa duniya kallo ta taga,
Tudu da kwari, birni da ƙauyawa.

Abu ɗaya ya rage, kuma a hannunka yake. Na durƙusa gaban Inna na nemi izini, sai ta ce: “Ban hana ba, ban kuma yarda ba. Sai na ji ta bakin Hamma.” Ka san ko Zariya ba zan je ba in ba ta sa mini albarka ba, balle ƙetare. Ina roƙonka ka kira ta ka kwantar mata da hankali.

Allah Ya ƙara girma, Ya buɗa kasuwa.
Ƙaninka mai biyayya,
Lukmanu

*

Mil Tuwal, Legas
Tsakiyar Janairu

Lukmanu, salamu alaikum.

Kwanduna sun iso, takardarka ta iso. Na karanta duka, waƙar ce kawai na tsallake. Ka gaishe da Inna da mutanen gida.

Ban kira Inna ba, ba kuma zan kira ta ba sai ka amsa mini waɗannan.

Mutanen Kano suna zuwa Fas kowace shekara a ƙungiya, da jagora, da mai dafa musu tuwo. Me ya hana ka bin su? Kai da ko Kwanar Gafan za ka kai kaya sai ka nemi ɗan rakiya, yau kai ne za ka zaga ƙasar Larabawa kai kaɗai?

Na biyu, me ya samu wayarka? Duk sanda na kira, Nana ce ke ɗauka, ta ce Baba yana gona. Ana zamanin waya kai kana aiko mini da takarda a cikin kwandon tumatir. Muryarka ce ba ka so in ji?

Na uku, na tambayi wani mai saro kaya daga can. Da na ambaci Tanja sai ya yi dariya. Ya ce nan ne yaranmu ke shiga kwalekwalen roba su nufi Sifen, wasu su isa, wasu kifi ya ci. Me malamin Larabci zai je yi a can?

Na huɗu, wannan ya fi ci mini rai. An ce ka miƙa makullin ƙofar ruwa ga Titus. Makullin da Baba ya riƙe tun da aka haƙa kanal, kai ka karɓa daga hannunsa. Mai tafiyar 'yan makonni aron makulli yake bayarwa. Kai an ce a gaban taro ka ajiye shi gaba ɗaya.

Wa ke zuga ka? Faɗa mini sunansa.

Yayanka,
Hamma

*

Bunkure
Ƙarshen Janairu

Zuwa ga Yaya Hamma, wanda girmansa ya wajaba a kaina ko da maganarsa ta yi ɗaci.

Aminci ya tabbata a gare ka. Bayan gaisuwa da ban girma, takardarka ta same ni a bakin gona, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune.

Babu mai zuga ni, Yaya. Ga amsoshinka bi da bi.

Tafiyar ƙungiya na san ta. A tara mutane a bas, a ce ku sauka, a ce ku hau, kana cikin kallon ƙofar masallaci jagora ya busa maka usur. Ni so nake in tsaya inda idona ya tsaya, har sai ya ƙoshi.

Kuma kada ka zaci na tashi ne haka kawai. Jaka ɗaya zan riƙe, wadda zan iya rungumewa a cinya. A kowane gari mun zaɓi masaukin da ke daura da tasha, yadda ba sai na ratsa unguwanni ba. Ba zan hau jirgi ba sai rana ta fito sosai, kuma duk inda zan sauka, in sauka kafin la'asar ta yi sanyi. Kowane tikiti Nana za ta saya mini tun daga gida, kuma na gindaya mata sharaɗi: kujerar jikin taga, ko a fasa. Ta rubuta mini sunayen tashoshi da manyan haruffa a kan kwali, kowane gari da nasa. Wanda ke shirin shiga kwalekwalen roba ba ya damuwa da kujerar taga.

Tanja kuwa, an ce idan gari ya yi garau ana hango duwatsun Andalus daga gaɓarta. Hangen nake so, ba ƙetarewa ba.

Maganar waya: ka san ni da alƙalami. Waya tana sa mutum ya faɗi abin da bai auna ba.

Maganar makulli: ka daɗe a Kurmi, wataƙila ka manta yadda aikin yake. Kullum mutum na bakin ƙofa yana duba ma'aunin ruwa, ya buɗe wa wannan layi, ya rufe wa wancan, wannan ya ce an rage masa, wancan ya ce an cika masa fadama har shinkafarsa ta nutse. Na gaji da shari'ar ruwa. Titus maƙwabcin gonarmu ne tun yaranmu suna rarrafe, ba a taɓa kama shi da karkatar da ruwan wani ba, kuma manoman layinmu ne suka zaɓe shi, ba ni na naɗa shi ba.

To ni ma ina da tambaya. Wa ke kai maka labarin Bunkure har Legas? Ban gaya maka zancen makulli ba. Na dubi Mudassiru da kyau da ya zo lodi, ya kau da kai yana gyaran igiya. Idan direba ka ɗauka aikin leƙen asiri, ka sanar da ni in riƙa yi masa shimfiɗa a zaure, ya huta da laɓe.

Na shuka magana a gonar ɗan'uwa,
Kafin ta tsiro an riga ni da ban ruwa.
Wa ya buɗe ƙofar da ban buɗe ba?
Ruwan tsegumi ya fi na Tiga gudawa.

Har yanzu Inna tana jiran kiranka. Kullum na shiga gaishe ta sai ta ce, “Hamma bai yi magana ba.”

Allah Ya bar zumunci.
Ƙaninka,
Lukmanu

*

Bunkure

Yaya Hamma, ina wuni, ya kasuwa, ya su Hajiya da yara. Zuliha ce matar Malam. Ka yi haƙuri da rubutuna, ban saba ba. Na ba Mudassiru a ɓoye, don Allah kar Malam ya sani. Na so in kira ka, to gidan ba wurin da mutum zai yi waya ba a ji shi ba.

Yaya, ni dai hankalina bai kwanta ba. Ba zancen mace nake ba, da mace ce da tuni na gane. Wannan wani abu ne daban.

Malam ya daina hawa babur ɗinsa. Ya jingine shi a zaure ya rufe da buhu, sai ya tafi gona a ƙasa ko wani ya goya shi. Littattafansa da ko ƙura ba ya bari mu karkaɗe, ya kwashe fiye da rabi ya kai makaranta kyauta. Ya ba Titus aron rabin gona har damina mai zuwa. Ya ce kar wanda ya ƙara matsar da ko buta a ɗakinsa, komai ya zauna inda ya ajiye shi.

Ran kasuwar Bunkure ya wuce yayana Dattijo a gefen masu albasa, kafaɗa da kafaɗa, bai ko ce masa sannu ba. Dattijo ya zo gida yana faɗa, wai tun ba a je ƙasar waje ba an fara wulaƙanta surukai.

Abin da ya fi ba ni tsoro, sai ya kira yara ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe fuskar yaro a hannunsa yana ta kallo. Jiya ni ya yi wa haka ina tankaɗe. Na ce, “Malam, lafiya? Yau ka fara ganina?” Ya ce, “Ci gaba da aikinki, haddace ki nake.” Na ce, “Ni na zama allo?” Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Yaya, wannan ba sallama ba ce? Mutumin da zai dawo yana haka? Ka hana shi. Kai kaɗai Inna ke saurara.

Na gode, a gaida gida.
Zuliha

*

Mil Tuwal
Fabrairu

Lukmanu, salamu alaikum. Ka gaishe da Inna.

Ka bar Mudassiru ya yi tuƙinsa. Inda nake samun labari ba ruwanka.

Yau ba zancen Maroko zan fara da shi ba, zancen kaya ne. Lodin da ya iso shekaranjiya, da muka kwance igiya ruwa ne ke bin ƙasan kwanduna. Rabi ya zama miya tun kafin Jebba. Masu saye suna toshe hanci, yaran kasuwa suna yi mini waƙa.

Kai ne ka koya wa rabin manoman Bunkure cewa tumatirin Legas ana tsinkarsa ne yana ɗan fari da alamar ja, ya ƙarasa nuna a hanya. Wanda ya yi jawur na 'Yan Kaba ne, kasuwar Kano, a sayar a ranar. Tunda nake karɓar kayanka ba ka taɓa haɗa mini su a kwando ɗaya ba. Yanzu ga jajaye da ɗanye a cakuɗe kamar wanda ya kwasa da shebur.

Ba asarar ce ta dame ni ba. Abin da na gani shi ne mutumin da jikinsa ke gona, zuciyarsa ta riga ta ƙetare teku. Ka ajiye makulli, ka ba da gona, ka rabar da littattafai, ka jingine babur, ka daina gaida surukai. Sannan ka ce mini hange za ka je yi.

Kana da mata da 'ya'ya da tsohuwa. In ka gaji da su ka faɗa, kar ka lulluɓe mini gudu da waƙa.

Ranar Juma'a ta sama zan kira Inna in ce mata kada ta yarda. Ka san in ta ce a'a, ko kana kan matakalar jirgi saukowa za ka yi. Kana da lodi ɗaya kafin nan. Ka aiko mini da gaskiya a cikinsa.

Hamma

*

Bunkure
Fabrairu

Zuwa ga Yaya Hamma, bayan sallama irin ta Musulunci da gaisuwar da fushi ba ya hanawa.

Ashe ba a bakin mota ake ɗibar labarina ba, a tsakar gidana ne. Mudassiru bai san adadin littattafaina ba, bai kuma san abin da ke rufe a zaure ba. Ban ce wa kowa komai ba. Na dai lura tun jiya ana zuba mini miya fiye da ƙima, ana kuma gaishe ni da murya mai laushi irin ta wanda ya yi laifi.

Ka kira ni mai gudu. Yaya, ni da na kwana a bakin kanal shekarar da ruwa ya ɓalle, ni da na ɗauki Inna a baya zuwa asibitin Kura? Wallahi, tallahi, tikitina na zuwa da dawowa ne, kuma ba ni da wata ƙasa da nake so a binne ni a cikinta sai wannan jar ƙasa tamu.

Ɓarnar kaya kuwa, na karɓi laifi. Sababbin 'yan tsinka na samu, na bar su ba tsaro. Don in wanke kaina, wannan lodin ban bar kowa ya zaɓa ba. Na sa an zube a kan tabarma a inuwar mangwaro, na zauna tun safe, na bi su ɗaya bayan ɗaya da hannuna, na ware na hanya daga na gida, na jera kowane kwando da kaina. Ka buɗe ka gani. Idan ka sami nunanne ko guda, ka kira Inna tun kafin Juma'a. Idan ba ka samu ba, ka san hankalina yana jikina, kuma ka cika mini haƙƙin 'yan'uwantaka.

Ban ce ka yarda da bakina ba,
Buɗe kwando, shi zai ba da shaida.
Hannun da ya jera bai yi ƙarya ba,
Ko da harshe ya gaza da fassara.

Ina jiran hukuncinka.
Ƙaninka,
Lukmanu

*

Mil Tuwal

Lukmanu. Salamu alaikum.

Na buɗe. Ban bar yara sun taɓa ba, ni na kwance igiya. Gaskiyarka, babu nunanne ko ɗaya. Duk na hanya ne.

Amma kowane ɗaya yana da tabo. Wuri guda, kusa da hanci, daidai faɗin babban yatsa. Lokacin da ka jera su ba zai nuna ba. Zafin hanya ne ya fito da shi, ya yi duhu. Na juye kwando na farko, na juye na biyu, na uku ban iya ba, na zauna a kan benci.

Manomi ba ya matsa tumatir. Da ido ake zaɓensa. Wannan ne abu na farko da Baba ya koya mana, har ya taɓa buge mini hannu a kai. Kuma a duniya mutum ɗaya na taɓa gani yana bin tumatir da yatsa yana latsawa don ya san ɗanye da nunanne. Baba ne, a kakar da ta zo kafin a fara ja masa sanda. Kai kana ƙarami, kana tsammanin wasa yake. Ni na san dillalin da ya dawo masa da kaya saboda tabon yatsa.

Daga nan komai ya zauna a wurinsa. Ma'aunin ruwa da ba ka iya karantawa. Babur. Dattijo da ya tsaya a gefenka ba ka gan shi ba. Butar da ba a matsarwa. Wayar da ba ka ganin lambobinta. Sauka kafin la'asar. Ni kuma ina nan ina zarginka da kwalekwalen roba.

Tun yaushe, Lukmanu? Ka ga likita? Me ya ce?

Kada ka ɗauka wannan ya sauƙaƙa maka. Da ina zaton mai gudu ne zan hana. Yanzu makaho-makaho ne ke so in sa hannu ya shiga ƙasar da bai san kowa ba, ya tsallaka layin dogo shi kaɗai. In ka faɗa tsakanin tarago da dakali, me zan ce wa Inna? Me zan ce wa Zuliha?

Ban kira Inna ba tukuna. Amsa mini, kuma ban da waƙa.

Yayanka,
Hamma

*

Bunkure
Ƙarshen Fabrairu

Zuwa ga Yaya Hamma. Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda aka kama.

Na zauna na zaɓi shaidu da hannuna, ashe su za su ba da shaida a kaina.

Tun damina biyu da suka wuce na fara lura. Na ga likitan ido a birni, na kuma sake ganin wani don kada in zalunci na farko. Bakinsu ɗaya. Jijiyar gani ce ke mutuwa daga gefe tana matsowa tsakiya, irin ta Baba. Ina ɗiga magani safe da yamma, yana rage mata sauri, ba ya tsayar da ita. Launi ma ya fara yi mini rowa: ja da kore sun zama 'yan uwan juna. Abin da ke gabana kai tsaye ina ganinsa, shi ya sa nake iya rubuta maka wannan. Abin da ke gefe kuwa ya tafi.

Za ka ce me ya sa jirgin ƙasa. Yaya, abin da ya rage mini na gani bai fi faɗin taga ba. A ƙasa sai na yi ta juya kai kamar kaza kafin in haɗa hoton wuri guda. A jirgi kuwa zama zan yi, in sa ido a taga, duniya ce za ta riƙa zuwa tana wucewa ta gabana, gonakin zaitun, garun birane, teku. Ban san wata hanya da mai irin idona zai ga ƙasa guda cikin lokacin da ya rage masa ba.

Ka tambaye ni me ya sa ni kaɗai. Ni da kai muka ja wa Baba sanda. Ka tuna yadda muke gardama a gabansa kan wanda zai kai shi masallaci, shi kuma ya yi kamar bai ji ba? Wannan na nan tafe gare ni, na kuma karɓa, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Za a ja ni zuwa masallaci, a ja ni zuwa gona, a ja ni zuwa ɗaurin auren Nana. Sauran rayuwata hannuna yana cikin na wani. Tafiya ɗaya nake roƙo wadda zan yi da ƙafata, in ɓata in tambaya, in gane hanya da kaina, kafin a karɓi ragamar.

Na ɓoye ne don na san ranar da gida ya sani, ranar za a fara riƙe mini hannu a bakin ƙofa. Ban ce babu haɗari ba. Akwai. Na auna shi, na rage abin da zan iya ragewa, sauran na bar wa Allah. Likita bai hana ni ba, ya dai ce in har zan yi, kada in kai wata shekara.

Gaskiyar da ka nema ke nan, a tsirara, ba baiti ko ɗaya. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa Inna ta rufe ƙofar, ni kuma ba zan ƙetare maganarta ba, ba zan kuma riƙe ka a zuci ba. Sai dai in zauna a bakin kanal in saurari ruwa.

Allah Ya yi maka jagora a kan abin da za ka yanke.
Ƙaninka,
Lukmanu

*

Mil Tuwal
Maris

Lukmanu, salamu alaikum.

Na kira Inna. Na ce ta sa maka albarka zuwa Legas, abin da ya wuce Legas yana wuyana. Ta ce ta sa.

Sharaɗi biyu. Kafin ka fito ka zaunar da Zuliha ka gaya mata da bakinka. Baiwar Allah tana can tana kukan miji zai gudu.

Na biyu, ban yarda da maganar likitanka ba, ban yarda da taka ba, sai na gwada da kaina. Ka biyo Mudassiru a lodin ƙarshe. Zai sauke ka a babbar ƙofar kasuwa da safe, lokacin da ta fi cika. Zan tsaya cikin dillalai da 'yan dako. Ba zan kira ka ba, ba zan ɗaga hannu ba. In ka ratso ka kama hannuna, ni zan kai ka filin jirgi, in riƙe maka jakar har ƙofa. In ka wuce ni kamar yadda ka wuce Dattijo, za ka koma Bunkure tare da kwandunan da babu komai a ciki. Ba roƙo, ba waƙa.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Yayanka,
Hamma

Af, na manta. Tsohon tarin nan nawa da ka sani ya dawo, ya ƙi jin magani. Da safe ya fi tsanani, tun daga bakin titi ake jina.